Me ya sa likitoci ke fargabar fedar da ke kama takalmi bayan tiyatar zuciya?

Ga wanda ya saba tuƙa keke, tambayar da ke biyo bayan tiyatar zuciya ita ce yaushe zai koma kan sirdi. Mutane da dama na zaton zuciyar ce ba za ta iya ɗaukar wahalar ba. Amma keke na cikin motsa jikin da likitocin zuciya ke ƙarfafa wa majinyata gwiwa su yi, kuma a cibiyoyin farfaɗo da masu ciwon zuciya a Birtaniya da Amurka, keken da ke girke wuri guda na cikin kayan da ake fara ɗora majinyaci a kai. Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne faɗuwa, musamman irin wadda ke samun mutum yana tsaye cak, ƙafarsa maƙale a feda.

Fedar da ake magana a kai daban take da wadda aka sani a kekunan gida. A ƙarƙashin takalmin matuƙin akwai wani ɗan ƙarfe ko roba da ke shiga cikin fedar ya kulle, ta yadda ƙafa ba za ta zame ba komai gudu. Kamfanin Look na Faransa ne ya yaɗa ta a 1984, bayan ya aro dabarar daga abin da ke riƙe takalmin masu wasan zamiya a kan ƙanƙara. Da Bernard Hinault ya lashe gasar Tour de France da ita a 1985, sai sauran 'yan tsere suka bi sahu. A 1990 kamfanin Shimano na Japan ya fito da samfurinsa mai suna SPD, wanda ya kai ta ga matuƙan da ba 'yan gasa ba.

Fitar da ƙafa daga cikinta na bukatar a murɗa diddige zuwa waje. Abu ne na ƙiftawar ido ga wanda ya saba. Sai dai da wuya a samu mai amfani da ita da bai taɓa mantawa ba a gaban fitilar hanya, ya kife gefe guda kamar buhu. A tsakanin matuƙa wannan abin dariya ne, domin galibi ƙujewar gwiwa da jin kunya ne kawai sakamakonsa.

Ƙashin da aka ɗaure da waya

Ga wanda aka tsaga wa ƙirji kuwa, lamarin ya wuce dariya. A tiyatar sauya hanyar jini ko ta musanya bawul, likitoci kan raba ƙashin ƙirji gida biyu daga sama zuwa ƙasa, sannan su haɗe shi da wayoyin ƙarfe bayan an gama. Wannan karaya ce sosai, ko da yake da gangan aka yi ta. Ƙashin kan ɗauki makonni 6 zuwa 8 kafin ya kama, kuma yakan kai wata uku kafin ya yi ƙwari. Shi ya sa ake hana majinyaci ɗaga abin da ya wuce kilo 5 a makonnin farko, a kuma hana shi turawa ko jan abu mai nauyi da hannuwansa. A Birtaniya ko mota ba a yarda ya tuƙa ba sai ya cika aƙalla makonni 4.

Mutum idan zai faɗi, hannu yake miƙawa ba tare da ya yi tunani ba. Nauyin jikin sai ya bi ta hannun zuwa kafaɗa, daga nan ya sauka kan siririn ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Wannan ƙashi na cikin waɗanda matuƙa keke suka fi karyawa, kuma bakinsa na ciki a kan ƙashin ƙirjin yake zaune, wato kusa da inda aka yi ɗinki. Idan ya karye, babba na bukatar makonni 6 zuwa 12 kafin ya warke, kuma a tsawon lokacin atisayen farfaɗo da zuciyar ma yakan samu tsaiko.

Sai batun jini. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe zai riƙa shan maganin tsinka jini na warfarin har tsawon rayuwarsa, wasu kuma ana ɗora su kan asfirin ko makamancinsa. Buguwar da a da ɗan kumburi za ta bari tana iya zama zubar jini a cikin jiki. Hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, na shawartar duk mai shan irin wannan magani da ya bugu a ka ya je asibiti, ko da hular kwano ce ta tare bugun, ko da kuma yana jin garau.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke haɗuwa su sa ƙafa ta makara. Magungunan rage hawan jini kan jawo jiri idan mutum ya tsaya farat ɗaya bayan ya yi gumi. A tiyatar sauya hanyar jini, sau da yawa daga ƙafa ake ciro jijiyar da za a dasa, don haka ƙafar kan kumbura ta yi tsami na wani lokaci, ga shi kuwa ita ake so ta murɗe cikin sauri.

Yadda ake komawa

Masu koyar da motsa jiki a asibitoci kan fara da tafiya a ƙasa, sai keken ɗaki, inda babu rami babu mota. A nan ne ya fi dacewa a sake koya wa ƙafa kullewa da kuncewa, sau da yawa, har ta daina jiran umarni. Fita kan titi sai likita ya tabbatar ƙashin ya haɗe, kuma hikima ita ce a fara da feda shimfiɗaɗɗiya a hanya marar cunkoso. Idan lokacin komawa ga mai kamawar ya yi, akwai ɗan kusa a jikinta da ake sassautawa don ta saki ƙafa da wuri. Shimano na da ƙarfen takalmi mai lamba SH56 da ke fita ta fuska fiye da ɗaya, akwai kuma feda mai fuska biyu, ɗaya ta kamawa ɗaya shimfiɗaɗɗiya.

Wasu kan kafa hujja da 'yan tsere irin su Robert Gesink na ƙasar Holan, wanda aka yi wa aikin zuciya a 2014 kuma ya zo na shida a Tour de France a 2015. Kwatancin bai cika daidai ba. Matsalarsa ta rikicewar bugun zuciya ce, irin wadda akasari ake gyarawa da siririn bututu ta cikin jijiya ba tare da an taɓa ƙashi ba. Magidanci ɗan shekara 60 da aka ɗaure wa ƙirji da waya, yana kuma shan warfarin, lissafinsa daban ne, kuma ranar da zai mayar da fedar magana ce tsakaninsa da likitan da ya ga hoton ƙashinsa.