Tsiron da ke cin ƙuda

Lokacin mangwaro, daga watan Afrilu zuwa Yuni, wasu ƙananan ƙudaje suna cika gidaje. Ba baƙin ƙudan nan ba ne da kowa ya sani. Waɗannan tsawonsu bai wuce milimita 3 ba, idanunsu jajaye. Suna taruwa bisa mangwaron da ya nuna ya wuce kima, da ɓawon ayaba, da tomatin da ya fara ruɓewa. Ba su cizo, amma suna yin ƙwai cikin ɗiyan itace. Mace guda tana yin ƙwai ɗaruruwa. In da zafi, cikin kwana 10 ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙuda.

Fesa maganin ƙwari kusa da abinci haɗari ne, tun ba ga yara ba. Shi ya sa a Turai da Amurka wasu mutane ke aje wani tsiro cikin ƴar tukunya, bakin taga. Tsiron nan ƙwari yake ci.

Sunansa dorosera. Irin da aka fi ajewa a gida ya fito daga yankin Kap, a Afirka ta Kudu. Ganyensa siriri ne, cike da jan gashi. A kan kowane gashi akwai ɗigon danƙo mai walƙiya kamar raɓa. Ƙuda ya sauka, sai ya maƙale. Yana motsi, yana ƙara maƙalewa. Sannu a hankali ganyen ya naɗe shi, ya fitar da wani ruwa mai narkar da naman, ya tsotse. Wani masani ɗan Ingila, Charles Darwin, ya rubuta littafi sukutum kan irin waɗannan tsirrai a 1875.

Me ya sa tsiro zai ci nama? Domin fadamar da yake fitowa ƙasarta ba ta da ƙarfi. Abin da saiwa ba ta samu ba, ganye ya samo shi daga ƙwari.

Akwai wani da ya fi shi suna, diyone, na jihohin Karolina a Amurka. Ganyensa yana rufewa kamar tarko. Amma ga wannan aiki bai da amfani sosai: ƙananan ƙudajen sukan sulale tsakanin haƙoransa.

Dorosera ba ya cutar da mutum. Danƙonsa ba ya riƙe ko yatsan jariri. Sai dai renonsa da wuya. Ruwan sama yake so. Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana kashe shi. Taki ma yana kashe shi, na dabba ko na zamani. Yana son haske, kuma ƙasarsa ta zauna da danshi kullum. A Maradi ko Tawa, inda zafin bazara ke wuce digiri 40, ga kuma iskar hunturu mai busar da komi, da wuya ya rayu.

Ko inda yake rayuwa, ƙudan da ya sauka kansa kaɗai yake kamawa. Ƙwai da tsutsar da ke cikin ruɓaɓɓen mangwaro suna nan, gobe su fito. Saboda haka aikin farko shi ne a kwashe ruɓaɓɓun ɗiyan itace da ɓawo kowace rana, a binne su nesa da ɗaki. Masu kyau a rufe su da faifai ko ƙyalle mai tsabta. A wanke ƙwarya da tukunya, kada su kwana da tsami.

Wanda bai da tsiron yana iya yin tarko da hannunsa. A sami butali, a jefa guntun mangwaro nunanne a ciki. A naɗa takarda kamar mazurari, da ƴar ƙofa ƙarama a ƙasa, a sa a bakin butalin. Ƙamshi zai jawo su ciki, su kasa fita. Bayan kwana 2 ko 3 a zuba ruwan sabulu, a zubar, a sake sabon guntu.