Kafin Ka Biya Kuɗin Sauke Inji, Duba Fulogi Ka Ɗauki Hotonsa da Wayarka

Duk ranar Alhamis tun da sassafe, titin Gumel zuwa Maigatari yakan cika da tsofaffin Golf da Sharon masu ɗauke da fasinja da kaya zuwa kasuwar kan iyaka. Ga direban da ya fito daga Gagarawa ko Sule Tankarkar, rasa wannan rana ɗaya babbar asara ce. Shi ya sa idan mota ta fara misin, tana karkarwa, tana shan mai fiye da kima, hankali yakan tashi. Sau da yawa abin da ake fara ji a gareji shi ne a sauke inji. Kafin ka amince, akwai gwaji uku masu sauƙi.

Fara da wayarka

Akwai ƴar na'ura mai suna ELM327 da ake soka wa a wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, sai manhaja irin su Torque ko Car Scanner ta karanto matsalar. Lambar P0300 tana nufin misin ɗin yana yawo tsakanin silindoji, P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Sai dai tsarin OBD2 ya zama dole ne a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Don haka Peugeot 504 ba ta da shi, tsofaffin Golf da dama ma ba sa amsawa. Kuma na'urar silindar kawai take nunawa, ba dalilin ba.

Abin da launin fulogi yake faɗa

Bari inji ya huce, ka kwance fulogogin, ka jera su yadda suke a inji, ka ɗauki hoto. Ruwan ƙasa mai haske alama ce ta lafiya. Baƙin toka busasshe yana nufin fetur ya fi iska yawa; a yankinmu, musamman da hunturu, ƙura ce kan toshe matatar iska. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai yana shiga inda wuta ke ci, kuma sau da yawa za ka ga shuɗin hayaƙi a salansa. Fari fat kuwa zafi ne ya yi yawa, ko fetur ya yi kaɗan. Idan dukkansu sun yi baƙi iri ɗaya, a fara duba iska da fetur. Idan ɗaya ne tak, matsalar tana silindarsa.

Gwajin matsi

Nan ake gane gaskiyar lafiyar inji. Ana buƙatar agogon awon matsi, wato kwamfireshan. A ɗumama injin, a cire dukkan fulogogi, a katse wutar kwail da ta famfon mai, a ɗaura agogon a ramin fulogi, a take totur har ƙasa, a murza ki injin ya juya sau biyar ko shida. Ka rubuta sakamakon kowace silinda a waya. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin psi 125 zuwa 180, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kada bambanci tsakanin silindoji ya wuce kusan kashi 10 cikin 100.

Idan ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata cokali guda na baƙin mai, a sake gwadawa. In matsin ya ɗaga, ringin fistin ne ya cinye. In bai motsa ba, bawul ne ke yoyo. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ne ake zargi.

Kowanne da kuɗinsa. Matatar iska da sababbin fulogi aikin minti talatin ne; ringi ne ke buƙatar a buɗe inji. Kuma sauya fulogi kullum alhali mai ne ke jiƙa shi zubar da kuɗi ne kawai. Idan ka je gareji, ka ce wa Oga ya auna a gabanka, ka adana hotunan da lambobin. Bayan wata shida ka sake aunawa, za ka ga ko injin yana nan yadda yake ko ya fara sauka.