Bincike Daga Cikin Ɗaki: Inda Za Ki Ƙwanƙwasa A Intanet

Yau hirarmu a kan bincike ne. Da yawa daga cikinku kuna karatu daga gida, wata a buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN, wata tana koyarwa a Islamiyyar unguwa, wata kuma yara take taya aikin makaranta. Fita zuwa laburare ba kullum take samuwa ba. To, wayar da ke hannunki za ta iya kawo miki laburaren har tsakar gida, in dai kin san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Kowa ya san Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a Amurka a 1998. Sai dai shi kamar kasuwar Kurmi yake, akwai na gari akwai jabu, kuma abin da ya fito a sama ba lallai ne ya fi inganci ba. Wani ma talla ce aka biya kuɗi.

Mu ɗauka an ce ki yi rubutu a kan Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo. In kin rubuta sunan, sa shi tsakanin alamar buɗe zance da rufe zance, kamar haka: "Nana Asma'u". Wannan zai sa a kawo miki shafukan da sunan ya zo a haɗe, ban da kowace Nana da kowace Asma'u ta duniya. In kin ƙara filetype:pdf a gaba, takardu zalla za su fito, waɗanda za ki sauke ki karanta bayan yara sun yi barci, ba tare da data tana tafiya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce Google Scholar, da aka buɗe a 2004. Nan rubuce-rubucen masana ake tarawa: muƙalu, littattafai da kundayen digiri. Ki nemi Nana Asma'u a nan, za ki ci karo da ayyukan Jean Boyd da Beverly Mack, waɗanda suka daɗe suna nazarin waƙoƙinta da tsarin 'yan taru. A ƙarƙashin kowane aiki akwai adadin marubutan da suka kafa hujja da shi. Ki taɓa wurin, su ma za su fito. Kin ga daga littafi ɗaya kin samu jerin wasu.

Amma fa wasu muƙalun sai an biya kuɗi, da dala kuwa. Kada ki karaya. Akwai DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003. Duk mujallar da ke cikinsa kyauta ake karantawa. Sannan ga AJOL, da aka fara a 1998 domin mujallun Afirka. A nan za ki samu binciken malaman jami'o'inmu, irin su Bayero da Ahmadu Bello, kan abubuwan da suka shafe mu kai tsaye, kuma da dama daga ciki kyauta ne. Tsofaffin littattafai kuwa, ki leƙa Internet Archive, wanda yake aiki tun 1996.

Kan lafiya, PubMed na Babban Laburaren Likitanci na Amurka shi ne matattara. Da Turanci yake, kuma Turancin likitoci. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, zai ba ki haske, sai dai fassararsa takan yi tuntuɓe. Don Allah 'yar uwa, abin da kika karanta a can ya zama tambayar da za ki yi wa likita ko ungozoma. Kada ki aiki yaro kemis ya sayo magani da shi.

Yanzu kuma ga irin su ChatGPT, da ya fito a 2022. Yana ba da amsa cikin daɗin baki, amma yakan ƙirƙiro sunan littafin da ba a taɓa rubutawa ba. Duk sunan da ya ba ki, ki kai shi Google Scholar ki tabbatar. Ɗalibar da ta kafa hujja da littafin da babu shi, ta jefa aikinta da mutuncinta a cikin haɗari.

Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta. Ke ma ki yi wa kowane shafi tambaya uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma daga ina ya samo? Ki tanadi ɗan littafi kusa da ke, ki rubuta sunan marubuci, sunan aikin, shekara da lambar shafi tun kafin ki rufe wayar.

Matambayi dai ba ya ɓata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaishe da maigida da yara, ku huta lafiya.