Laifin Ido ne Ko na Kibiya?

A ƙasar Gobir baka da kibiya ba abin wasa ba ne. An san abin da kibiya ta yi wa baraden Sarkin Gobir Yunfa a Tabkin Kwatto a 1804, ranar da maharban jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da 'yan dawakinsu kaɗan, suka watsa rundunar sarki. Kufan Alƙalawa, wadda ta faɗi a 1808, yana nan cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Shi ya sa idan tsohon maharbi a ƙauyen Tsamaye na wannan yanki ya fara kuskure, maganar ba ta tsayawa a zaurensa.

Wani dattijo ne da ya tsufa yana harbin zabin daji da zomaye a bakin fadama. Da kaka ta yi, sai hannunsa ya rikice. A taki ashirin yana samu. Da zarar nama ya kai taki arba'in, kibiya ta bi ta samansa, ko ta caki ƙasa kafin ta isa, ko ta kauce hagu. Wasu suka ce tsufa ne ya ci ido, wasu suka ce sammu aka yi masa. Ɗan ƙanensa, wanda magini ne da ya saba da igiya da awo, ya ce: "Baba, kada mu ɗora wa kowa laifi tukuna. Mu bi abin ɗaya bayan ɗaya."

Suka rataye tsohon faifai a jikin kuka. Da farko suka ba wani saurayin maharbi mai kaifin ido bakan da kwarin. Shi ma kibansa suka watse. Ido ya fita daga zargi. Suka duba tsirkiya, domin ta fata ce, tana saki idan ta sha raɓa. Aka ɗaura sabuwa, aka ɗame ta, ba abin da ya sauya. Suka ce ko iskar hunturu ce, suka dawo da sassafe, ganye ko motsi ba ya yi. Jiya i yau.

A nan ne dattijon ya zazzage kwarinsa ƙasa. Can ƙarƙashi akwai tsofaffin kibau uku da hayaƙi ya baƙanta. Ya harba su a taki arba'in, duka ukun suka taru a tsakiyar faifai, tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ya ce: "Yaro, ashe hannuna yana nan." Laifin yana jikin sababbin kibau, sai dai a wane gefe?

Maginin ya kwantar da ƙyauren katako, ya riƙa mirgina kibau a kai ɗaya ɗaya. Tsofaffin suka tafi sumul. Wasu daga cikin sababbin suna tafiya suna ɗaga gindi, domin an yanki kyauronsu bai gama bushewa ba, ya lanƙwashe a cikin kwari. Aka gasa su a kan garwashi aka miƙe su. Kaucewa hagu ta ragu ƙwarai. Amma har yanzu wata ta yi sama, wata ta yi ƙasa.

Sai ya ɗora kowace kibiya a kan kaifin wuƙa yana neman inda za ta tsaya daidai. Tsofaffin uku a wuri ɗaya suka tsaya, can gaba wajen ƙarfe. Sababbin kowace da nata wurin. Kibiyar maharban ƙasar Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen bakinta ne ke jan ta gaba ya hana ta wutsil-wutsil. Mai ƙarfe mai nauyi takan faɗi da wuri, mai sauƙin baki takan tashi sama gindinta yana kaɗawa. Kusa, bambancin ba ya nunawa. Amma idan tazara ta ninka biyu, saukar da kibiya ke yi kan ninka kusan huɗu. Dalilin da ya sa masu gasar harbin nesa a Amurka da Ingila, da ke cika harsashinsu da hannunsu, suke auna kowane ɗaya a sikeli ke nan: abin da bai zo daidai da ɗan'uwansa ba, ba zai sauka inda ɗan'uwansa ya sauka ba.

Saura tambaya ɗaya: me ya sa ƙarafan suka bambanta? Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce maƙerin da ya yi masa tsofaffin ya bar ƙauyensu. Tun 2019 hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutanen wannan yanki zuwa jihar Maraɗi, shi ma ya bi ayarin da iyalinsa. Sababbin a kasuwa aka saye su, wani yaron maƙera ya buga su da guntayen rodi da ƙusoshi, kowane da girmansa.

Suka kai wa yaron tsohon baki ɗaya. Maginin ya haɗa masa ma'auni da kara da zare, ya ce duk wanda ya buga ya rataye shi da na tsohon, sai sun yi kai ɗaya. Yaron ya karɓa da hannu biyu, kibau suka dawo hanya.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, awon nan a hannun mutum ɗaya yake, ba a rubuce ba. Rashin tsaro yana kwashe maƙera da masaƙa da majema daga Isa da Sabon Birni, kowane ya tafi da abin da ya gada. Sarakunan maƙera da na maharba da suka rage su tara yara su koya musu awo tun masu sanin suna da rai, domin ba kowane gida ne zai tarar da aikin tsohon gwani a ajiye ba.