Gyaran Fata Irin Na Taurari: Wane Buroshi Za Ki Saya?

Jama'a, duk wanda ya san harkar fim ya san kyamara ba ta rufa wa kowa asiri. Mai kwalliya zai iya gyara fuska da hoda, amma idan aka zo waƙa aka hasko hannu ko ƙafa, musamman da hunturu, nan take za ka ga fata ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Shi ya sa yayin goge jiki da buroshi a bushe, wato kafin a shiga wanka, ya samu karɓuwa wurin 'yan mata, har ma da samarin da ba sa son a sani.

Daga Holiwud abin ya yi ƙarfi. Jaruma Gwyneth Paltrow, wadda ta ci kyautar Oscar a 1999 da fim ɗin Shakespeare in Love, tana cikin waɗanda suka fi tallata shi ta kamfaninta Goop da ta kafa a 2008. Amma masoya finafinan Indiya kada ku ji haushi, Indiyawa sun daɗe da irinsa. Suna kiransa garshana, su da safar hannu ta ɗanyen siliki suke yi. Mu ma nan ai ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san soso da dilka.

To wai me yake yi? Yana kankare matacciyar fata, jiki ya yi sumul, mai ya fi shiga. Nan amfaninsa ya tsaya. Zancen wai yana fitar da guba daga jiki ko yana narkar da kitsen cinya, likitocin fata sun ce babu hujja a kai. Kada a manta, shi kansa Goop ɗin ya biya dala 145,000 a Kalifoniya a 2018 saboda tallan wasu kayayyaki da alƙawarin lafiya marar tushe.

Yanzu mu zo kan zaɓe. Abu na farko shi ne gashin buroshin, kuma a nan ne mutanenmu ya kamata su buɗe ido. Da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa kirari da "na asali" da gashin aladen daji ake yin su. Idan kika ga an rubuta boar bristle a kwalin, to shi ne. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin gashinsa, amma a ganina me zai kai ki, alhali ga na tsiro birjik? Akwai na zaren sisal, akwai na tampico da ake samu daga wani tsiro a Meziko, akwai na jute mai kama da ramar nan tamu, wanda ya fi su laushi. Na ɓawon kwakwa kuwa kaushinsa ya yi yawa, a bar wa dunduniya. Na roba ya fi araha, sai dai wani bakinsa na da kaifi, yana karce fata.

Kada kunya ta hana ki gwadawa a shago. Ki goga shi a cikin damtsenki sau biyu ko uku. In ya yi zafi ko ya bar farin layi, ajiye masa kayansa. Ki ɗan ja gashin kuma, in ya biyo hannunki, ba zai yi wata biyu ba.

Maganar mariƙi ba ta da tsawo. Mai dogon hannu ya fi kai wa gadon baya, mai maɗauri a tafin hannu ya fi sauƙin sarrafawa. In kin samu wanda ake zare kansa daga sandar, kin haɗa biyun.

Ga inda nake son a saurare ni da kyau. Duk mai shafa man bilicin, wallahi ta yi nesa da buroshin nan. Irin mayukan da ke ɗauke da sinadarin siteroid suna sa fata ta yi siriri, gogawa kaɗan sai ta ɗaye, kuma ciwon ba ya warkewa da wuri. Haka mai ƙuraje, kyasbi, makero, ƙuna ko wani rauni. Ko mai lafiyayyar fata ma, in ta matsa da dirza, baƙar fata irin tamu tabo take yi, wurin ya ƙara duhu maimakon hasken da ake nema. Fuska kuwa ba a kai mata buroshin jiki sam.

Yadda ake yi: a fara daga ƙafa a yi sama, daga hannu a nufo ƙirji, a hankali, minti uku zuwa biyar. Sai wanka, sai a shafa man kaɗanya ko basilin tun jiki da ɗan danshi. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, da hunturu ma ɗaya ya wadatar. A riƙa wanke buroshin da sabulu duk mako, a kife shi ya bushe sarai don kada katakon ya yi fumfuna. Sannan 'yan lokeshin da aka san ku da aron komai, daga ɗankwali har jambaki, wannan kam ba a ba da aronsa, don ta nan makero ke tsallakawa daga jiki zuwa jiki.