Daga Adaka Zuwa Mak 4: Yadda Sakata Ta Sauya Bindiga

Maharbin da ke gadin gonar shinkafa a bakin kogi a Yauri ko Ngaski saboda dorina ya san wahalar adaka: a ɗura albarushi ta baki, a danna da sanda, a harba sau ɗaya, sannan a koma farko. Wannan jinkiri ne maƙeran Turai suka yi wa magani da suka buɗe bindiga ta baya, suka sa mata sakata kamar ta ƙofa.

Aikinta motsi huɗu ne. A ɗaga mariƙi, a ja baya kwanso ya fice, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, a kwantar da mariƙin ta kulle. Sojojin Furusiya, a Jamus ta yau, suka fara karɓarta a 1841 da ƙirar Dreyse. Faransa ta biyo da Chassepot a 1866, Rasha da Mosin-Nagant a 1891.

Inda maƙeran suka rabu shi ne wurin da haƙoran da ke kulle sakatar za su zauna. Mauser ta Jamus, ƙirar 1898, ta sa su a gaba, dab da harsashi. Hakan ya ba ta ƙarfin jure harsashi mai zafi, shi ya sa yawancin bindigogin farauta na yau suka gaji tsarinta. Harsashi biyar take ci. Lee-Enfield ta Ingila, wadda ta fito a 1895, ta sa haƙoran a baya, sai sakatar ta yi saurin zamewa a hannu, ga harsashi goma a cikinta. Mannlicher ta Ostiriya kuwa ba a ma ɗaga mariƙinta, ja da turawa ne kawai.

Ta Ingila ce ta iso mana ta hannun 'yan mulkin mallaka. Sojojin Nijeriya sun riƙe ta a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan sanda kuma suka daɗe da ita, jama'a na kiranta Mak 4.

Tsufanta bai rage mata kaifi ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashin .303, irin wanda take ci, cikin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Wanda ya tsinci irinta a kayan gado, ya kai ta ofishin 'yan sanda.