Ɗaɗɗoya: Me Ke Cikin Ganyen Nan?

Da wuya a shiga gidan Bahaushe a Garwa ko Marwa a rasa wanda ya san ɗaɗɗoya. Iyayenmu mata kan dafa ganyenta saboda ciwon ciki da mura, su kuma ajiye reshenta a ɗaki don korar sauro. To, amma mene ne a cikin ganyen yake yin wannan aiki?

Idan mutum ya murza ganyen a hannu, ƙanshin da ke tashi na wani mai ne da ke cikin 'yan mitsi-mitsin jakunkuna a jikin ganyen. Masana kan dafa ganyen cikin ruwa na sa'o'i, tururi ya kwashi man, a sanyaya tururin, sai man ya taso a kan ruwa. Ganye mai yawa ɗan mai kaɗan yake bayarwa.

A Jami'ar Ngaundere, wadda aka kafa a 1993, Farfesa Martin Ngassoum da abokan aikinsa, tare da masanan Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya, sun bincika wannan mai. A 2003 suka buga sakamakon gwajin man ɗaɗɗoya da na fasa-ƙwari a kan ƙwayoyin cuta. Sinadarin da ya fi yawa a man ɗaɗɗoyar ƙasarmu shi ne timol, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake sa shi a ruwan kurkure baki irin Listerine. Abin mamaki, a gabashin Afirka akwai ɗaɗɗoya mai kama da tamu sak, amma abin da ya rinjaya a manta yujinol ne, watau sinadarin ƙanshin kanumfari. Ashe kamannin ganye ba ya nuna abin da ke cikinsa.

Amfanin binciken bai tsaya ga magani ba. Kowane manomi ya san baƙin cikin buɗe rumbu ya tarar ƙwari sun mai da masara gari. An tabbatar man ɗaɗɗoya yana kashe waɗannan ƙwari, sai dai yana saurin bin iska. Don haka masanan Ngaundere suka gauraya shi da garin yumɓu, wanda ke riƙe man ya daɗe yana aiki, suka bayyana haka a 2013.

Darasi biyu ke nan gare mu. Na farko, a shanya ganye a inuwa, domin zafin rana yana kore man. Na biyu, tataccen man da ake sayarwa a kwalba ba daidai yake da ruwan dafaffen ganye ba. Ƙarfinsa yana iya ƙona fata da baki, saboda haka kada a sha shi, kada kuma a ba yara. Ciwon da ya wuce kwana biyu, a nufi asibiti.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a rumbunanmu.